Data, Talla da Haƙuri: A Ina Ya Fi Dacewa a Kalli Fim Mai Dogon Zango?

Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe, harkar fim ɗin Hausa ta karkata ga fina-finai masu dogon zango, waɗanda ake saki kashi-kashi duk mako. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta saba wa mutane da jiran Daɗin Kowa, daga baya kuma Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. A 2020 sai Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna wa sauran masu shirya fim cewa ana iya tara miliyoyin 'yan kallo ba tare da an kai ko faifai ɗaya kasuwar Ƙofar Wambai ba. Daga nan kowa ya buɗe tasharsa a intanet. Yanzu ɗimbin masu bin waɗannan shirye-shirye, daga Kano zuwa Maraɗi, daga zangon Kumasi zuwa Jidda, a wayar hannu suke kallo.

Sai dai kallon guntun bidiyo na minti biyu daban, kallon cikakken kashi na awa guda daban. Aibin manhaja da ba ya fitowa a minti biyu, a awa guda sai ya bayyana ƙarara: hoto ya tsaya yana lodi daidai lokacin da magana ta yi daɗi, talla ta katse, kira ya shigo a rasa inda aka tsaya, ko saƙo ya iso cewa data ta ƙare tun ba a kai rabi ba. A ganina ma'auni biyu ne ya kamata a ɗora kowace kafa a kai. Na farko, shin za ta kai mai kallo daga farkon kashi zuwa ƙarshensa a kan kuɗin da ya sani kuma yake iya biya? Na biyu, shin kallon da ya yi zai mayar wa wanda ya shirya fim ɗin abin da zai yi kashi na gaba da shi? Kyan hoto, wanda kamfanoni suka fi tallatawa, can baya yake zuwa.

Inda aka faro

A Amurka da Birtaniya aka fara gasar nuna shirye-shirye ta intanet. A 2006 tashar ABC ta fara ɗora cikakkun shirye-shiryenta, irin su Lost, a shafinta kyauta, da 'yan tallace-tallace a tsakani. Netflix, wanda a da hayar faifan DVD yake aikawa ta gidan waya, ya fara nuna fim ta intanet a 2007. A ƙarshen shekarar BBC ta buɗe iPlayer, a 2008 kuma Hulu ya fito, haɗin gwiwar kamfanonin da suka mallaki NBC da Fox. A lokacin a kwamfuta ake kallo, gardamar kuma ita ce wane ne zai tilasta maka girka wata ƙaramar manhaja kafin ya buɗe, wane ne hotonsa ba ya farfashewa idan ya cika allo, wane ne tallarsa ta fi gajarta.

YouTube, wanda aka kafa a 2005 Google ya saye shi a 2006, ba ya cikin sahun farko, domin ya ƙayyade wa yawancin masu ɗora bidiyo minti 10 kacal. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna lokacin da ake yanka fim ɗaya gida shida ko bakwai, ka gama na uku ka nemi na huɗu ka rasa. A 2010 aka ƙara zuwa minti 15, daga baya aka sakar wa masu tantaccen asusu mara. Yawancin kafofin wancan zamani a kan Flash na kamfanin Adobe suka dogara, mai nauyi da cin batir. YouTube ya rabu da shi a 2015, Adobe kansa ya yi masa jana'iza a ƙarshen 2020.

Abu ɗaya ne bai sauya ba: katangar ƙasa. Har yau iPlayer na mazauna Birtaniya ne, haka shafukan tashoshin Amurka ba sa buɗe cikakkun shirye-shiryensu ga na waje, saboda haƙƙin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Mai zaune a Zariya ko Damagaram ba ya cikin lissafinsu. Don haka namu kwatancen a kan masu buɗe mana ƙofa ne.

Abin da ke faruwa bayan ka danna

Idan aka ɗora kashi guda a YouTube ko Netflix, ba kwafi ɗaya ake ajiyewa ba. Na'urorin kamfanin suna mayar da shi kwafi da yawa, daga mai dishi-dishi zuwa mai garau, sannan su daddatsa kowanne zuwa gutsattsari na 'yan daƙiƙu. Manhajar da ke wayarka za ta jawo gutsuren farko, ta auna saurin isowarsa, sannan ta yanke daga wane kwafi za ta ɗauko na gaba. Sabis ya yi ƙarfi ta hau sama, ya yi rauni ta sauko. Shi ya sa kake ganin fuskar jarumi ta dushe na ɗan lokaci sannan ta washe ba tare da ka taɓa komai ba. Haka kuma ba ta jira sai ka kalli gutsure sannan ta nemo wani. Tana tara na gaba a ajiye. Kamar randa ce a gidan da ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa: muddin da ruwa a randa, mai sha ba zai san famfo ya tsaya ba. Sa'ad da aka ga gindinta, sa'an nan ne da'irar nan za ta fara juyawa a tsakiyar allo.

A nan ne mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba. Idan ka bar manhaja ta zaɓa da kanta, ƙarfin sabis take dubawa, ba ƙarfin aljihunka ba. Wato ranar da sabis ya fi kyau, ranar data ta fi saurin ƙarewa. YouTube da kansa yana ba da shawarar saurin megabit 0.7 a daƙiƙa ga hoton 360p, 1.1 ga 480p, 2.5 ga 720p, da 5 ga 1080p. Megabit ɗaya a daƙiƙa, idan ya ɗore awa guda, 450MB ne. Ke nan a wannan lissafi kashi mai awa ɗaya zai iya cin kusan 300MB a 360p, kusan 500MB a 480p, sama da giga ɗaya a 720p, sama da giga biyu a 1080p. Sau da yawa abin da ake ci a zahiri bai kai haka ba, domin sababbin dabarun matse bidiyo irin su VP9 da AV1 suna rage nauyi, kuma fitowar da mutum biyu ke zaune a falo suna hira ba ta cin abin da fitowar rawa ko dambe ke ci. Amma tazarar tana nan: ɗigogin da ke cikin hoton 1080p sun ninka na 360p sau tara, alhali a fuskar waya mai inci shida idonka ba ya cin moriyar wannan ninki.

Sai kuma nisa. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su Main One da ta fara aiki a 2010 da Equiano ta Google da ta iso a 2022, a Legas suke sauka, daga can ake jawo su ta ƙasa zuwa Arewa. Google da Netflix suna dasa rumbunan ajiya a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa, domin bidiyon da mutane da yawa ke nema kada ya riƙa tsallako teku kowane lokaci. Ƙaramin dandali ba shi da wannan gata; haya yake kamawa. Wannan bambanci shi ne tushen mafi yawan abin da za mu gani a gaba.

YouTube: kasuwar kowa

A nan fina-finanmu suka tare. Saira Movies, Bakori TV da ɗaruruwan tashoshi irinsu a nan suke sakin sabon kashi. Dalilan a fili suke: manhajar tana zuwa ne a girke cikin yawancin wayoyin Android, ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman katin banki, kuma tana iya saukowa har 144p, inda ko da sabis ɗin ƙauye murya za ta ci gaba da fita. Idan ka shiga da asusunka za ta tuna inda ka tsaya. Za ka iya ƙara saurin bidiyo idan an cika jan zance. Bidiyoyi da yawa kuma ana iya ajiye su a cikin manhajar a kalla daga baya, abin da ke yi wa masu sayen datar dare rana. Ga kuma majalisar da ke ƙasan bidiyo, inda ake tsine wa mugu a tausaya wa baiwar Allah, wadda ga mutane da yawa rabin daɗin kallon ce.

Mai son tsimin data ya san wani ɗan sirri. Idan ya danna alamar saiti da ke saman allo ya zaɓi 360p, wannan zaɓi na bidiyon da yake kallo ne kaɗai. Da ya shiga kashi na gaba manhajar za ta koma halinta. In yana son abin ya zauna, sai ya shiga babban saitin manhajar, sashen ingancin bidiyo, ya zaɓi tsimin data ga layin waya. Aikin minti ɗaya ne, amma ga mai bin shiri uku ko huɗu a mako, bambancin kuɗi ne mai kauri a ƙarshen wata, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a farkon 2025.

Babban aibin YouTube talla ce, kuma hawa biyu ce. Akwai tasa, wadda yake iya sakawa a tsakiyar duk bidiyon da ya kai minti 8. Akwai kuma wadda masu fim suka ɗinka a jikin shirin da kansu: maganin gargajiya, filaye, turaren wuta, shagon atamfa. Ta farko tana ɓacewa ga wanda ya biya kuɗin YouTube Premium, wanda ya shigo Najeriya a 2020. Ta biyu ba ta zuwa ko'ina, kuma da datarka ake nuna maka ita.

Aibi na biyu hargitsi ne. Rubuta sunan shiri da lambar kashin da kake nema, za ka ga sakamako goma, kowanne da hoton jaruman a fuska. Ɗaya ne na gaske. Sauran tsofaffin fitowa ne da aka harhaɗa, ko wani yana ba da labarin abin da yake zato zai faru. Kafin ka gane, an ci maka megabait hamsin. Maganin shi ne mutum ya riƙa shiga tashar masu shirin kai tsaye. Kuma da kashi ya ƙare, manhajar ba lallai ta kai ka na gaba ba. Tana iya jefa ka wani abu dabam, wanda iyayen da ke miƙa wa yara waya ya kamata su lura da shi.

Abin takaici, manhajar da ta fi dacewa da mu a cikin duk abin da Google ya yi ta riga ta mutu. YouTube Go, wadda aka kawo Najeriya a 2017, takan nuna maka nauyin bidiyo kafin ka danna, ta ba ka zaɓi, har ta bar ka ka tura wa na kusa da kai ba tare da data ba. A watan Agustan 2022 aka rufe ta.

Netflix: injin ya yi, kayan ba namu ba

In ana maganar iya aiki, babu kamar Netflix, domin don kallon shiri mai dogon zango aka ƙera shi. Ya iso Najeriya a watan Janairun 2016, lokacin da ya buɗe a ƙasashe 130 a rana ɗaya, a ƙarshen shekarar kuma ya ba da damar sauke fim. Zanguna da kashi-kashi a jere suke, babu na bogi. Akwai maɓallin tsallake waƙar buɗewa, kashi na gaba yana biyowa da kansa, kuma akwai tsarin da ke goge wanda ka gama kallo ya sauko da na gabansa idan ka sami Wi-Fi. Babu talla a tsare-tsaren da yake sayarwa a Najeriya. Wajen data ma ya iya tsimi: kamfanin ya ce a saitin tsimi giga ɗaya kan kai kimanin awa shida a waya, a saitin da manhaja ke zaɓa da kanta kimanin awa huɗu, amma a talabijin hoton garau kan iya cin giga uku a awa.

Matsalar ita ce kuɗi biyu za ka biya, na wata da na data, kuma na watan ya tashi fiye da sau ɗaya a 2024 kaɗai. Sai katin banki: waɗanda suka ga 2022, lokacin da bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, sun san wahalar biyan dandamalin ƙetare. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: a wayoyin Android, Netflix yana kulle fina-finansa da wani makullin Google mai suna Widevine, kuma wayar da ba ta da babban matakinsa ba za ta nuna hoton garau ba ko nawa ka biya. Wayoyi masu araha da yawa a wannan rukuni suke.

Uwa uba, Bahaushe mai neman nasa ba zai sami abin a-zo-a-gani ba. Fim ɗin Amina na 2021 da shirin Sons of the Caliphate labaran Arewa ne, amma akasari da Turanci aka yi su. Mai son na Koriya, na Indiya ko na Kudu, to ya zo gida. Kuma bai kamata a zuba ido ana jiran manyan kamfanonin waje su zo su ɗauki nauyin namu ba: Prime Video na Amazon, wanda ya shigo Najeriya da ƙarfinsa a 2022, a farkon 2024 ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shiryen Afirka.

Na gida: kaya namu, nauyi nasu

Arewa24 On Demand da Northflix da makamantansu sun taso ne don cike wannan giɓi. Abin da suke da shi shi ne abin da Netflix ya rasa: harshenmu, jarumanmu, shirye-shirye a jere ba tare da na bogi ba, kuma kuɗin mai kallo ya fi kusa da hannun mai fim.

Amma lissafinsu mai wuya ne. Mai tasha a YouTube ko mutum miliyan ne suka kalli fim ɗinsa, ko sisi ba zai biya na dakon bidiyon ba. Google ne ke ɗauka. Mai dandalin kansa kuwa kowane ɗan kallo ƙarin kuɗi ne a kansa, kuma hayar rumbun ajiya da ta dakon bidiyo galibi da dala ake biya, alhali shi naira yake karɓa. Idan ya rage kashe kuɗi a nan, ranar sakin sabon kashi, lokacin da kowa ya danno a sa'a ɗaya, sai bidiyo ya riƙa tsayawa. Ga rarrabuwa: shirin da kake so ɗaya yana nan, ɗaya yana can, ba kuwa kowa ne zai biya wuri uku ba. Ga masu kallo na Nijar, Kamaru, Ghana da Saudiyya, waɗanda in hanyar biya ba ta karɓi kuɗin ƙasarsu ba, an rufe musu ƙofa ke nan.

Labarin iROKOtv darasi ne. Jason Njoku ya fara ne da tasha a YouTube a 2010, ya buɗe dandalin kansa a 2011, ya sami masu zuba jari na ƙetare, har ya kakkafa rumfuna a Legas inda mutum zai je a sa masa fim a waya ba tare da data ba. Duk da haka a 2020 kamfanin ya rage harkarsa a Afirka ya mayar da hankali ga 'yan Najeriya mazauna Turai da Amurka, domin su ne ke iya biyan kuɗin da zai riƙe kamfanin. In haka ta faru da mai fina-finan Kudu, na Arewa sai ya yi karatun ta-natsu.

Facebook, TikTok da Telegram

Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. Facebook da TikTok wuraren talla ne da ɗanɗano: ka ga fitowa mai zafi ta minti uku ka tafi neman cikakken. Kallon awa guda a cikinsu wahala ce, domin yatsa ya zame kaɗan bidiyon ya tafi, nemo shi kuma sai an dace. Telegram kuwa rumbu ne, tunda yana ɗaukar fayil har mai nauyin giga biyu, shi ya sa ya zama matattarar kwafin da ba da izinin masu shi aka ɗora ba. Haka manhajojin sauke bidiyo da ake samowa a wajen Play Store: suna aiki, amma mai girka su ya buɗe wayarsa ga abin da bai sani ba, a wayar da manhajar bankinsa take.

Shagon turawa

Babban abokin hamayyar duk waɗannan ba ya intanet. Shagon tura fim a waya ne, yana bakin kasuwa, ko kusa da mai cajin waya: benci ɗaya, kwamfuta ɗaya, igiyoyin waya sun yi cirko-cirko a kan tebur, janareta na kuka a baya.

"Malam, sabon kashin ya shigo?"

"Ya shigo tun daren jiya, Hajiya. Mai nauyi ko mara nauyi?"

"Sa min mara nauyi, memorin ya kusa cika. Ka haɗa min da na Indiya mai fassara guda biyu."

"An gama. Akwai wani sabo da aka fara, in sa miki kashi ɗaya ki gwada?"

Minti biyar ba ta cika ba ta karɓi wayarta ta miƙa 'yan canji. Da yamma maƙwabta uku sun karɓa ta manhajar Xender. Za a kalla a MX Player, inda ake jan yatsa a gefen allo a ƙara haske ko murya, ko a VLC, wadda ɗalibai suka fara ƙirƙira a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, kyauta ce, ba ta talla, kuma kusan babu irin fayil ɗin da ba ta buɗewa.

A duba da kyau abin da wannan shago ya warware. An san farashi kafin a saya. An zaɓi nauyi daidai da waya. Babu lodi, babu katin banki, babu kalmar sirri. Ga mai ba da shawara da ya san abin da kowa ke so. A ma'aunin farko, babu manhajar da ta kamo ƙafarsa. A na biyu ne ya faɗi warwas: kowane kwafi da aka tura kallo ne da YouTube bai ƙirga ba, talla ce da ba a biya ba. An sha ƙoƙarin daidaitawa tsakanin masu shirya fim da masu turawa domin wani abu ya riƙa komawa ga masu haƙƙi, amma da fayil ya shiga wayar farko, ba mai iya bin sawunsa.

Yadda kafar kallo ke juya labari

YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka nuna a dogon bidiyonsa. Amma farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake zaune: masu talla sun fi biyan kuɗi mai tsoka don isa ga mai kallo a Amurka ko Ingila fiye da na Najeriya ko Nijar. Don haka shirin da ya tara kallo miliyan daga Arewa ba ya samun abin da mutane ke zato. Wannan ne ya sa masu fim ke cusa tallarsu a ciki, ya sa ake jan kashi ya yi tsawo don ya ɗauki talla da yawa, ya sa labarin da zai ƙare a zango biyu ake kai shi biyar. Idan ka ji 'yan kallo suna ƙorafin an cika jan rai, rabin laifin na marubuci ne, rabi na tsarin biyan kuɗin.

Akwai kuma haɗarin zama a gidan aro. Ƙa'idar YouTube ce tashar da aka kama da laifin keta haƙƙin mallaka sau uku ana iya rufe ta da duk abin da ke ciki. Aikin shekaru na masana'anta guda yana ajiye a hannun kamfanin da zai iya sauya dokarsa ba tare da ya shawarci kowa a Kano ba.

To, wanne?

Ga mai bin fina-finan Hausa da datar waya, YouTube ne, da sharaɗi uku: ya saita tsimin data, ya riƙa shiga tashar masu shirin ta asali, ya riƙa ajiye kashi a cikin manhajar lokacin da data ta fi araha. Ga mai Wi-Fi a gida da sha'awar shirye-shiryen ƙetare, Netflix ya fi kowa daɗin sha'ani. Ga mai hali da ke son kuɗinsa ya isa ga masu sana'ar, musamman mazauna ƙetare, rijista da dandalin gida ita ce hanya mafi kusa. VLC da MX Player kuwa ba su da laifi. Tambayar ita ce daga ina fayil ɗin ya fito.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya haɗa duka biyun, sauƙin mai kallo da haƙƙin mai fim. Dandalin gida da ke son ya haɗa su ba Netflix ya kamata ya kwaikwaya ba. Mai turawa ya kamata ya je ya zauna kusa da shi ya ga yadda yake ciniki. Ya rubuta nauyin kowane kashi kafin a danna. Ya kyautata hoton 240p da 360p maimakon alfahari da wanda ba kowa ke iya buɗewa ba. Ya sayar da kashi ɗaya-ɗaya a kan 'yan canji, a biya da katin waya ko tiransifa, da naira ko sefa ko sidi ko riyal. Sannan ya mayar da masu shagunan turawa wakilansa, su tura kwafi mai makulli su ɗauki kamasho, tunda sun riga sun mallaki abin da kamfanoni ke kashe miliyoyi suna nema, wato amincewar mutanen unguwa. Fasahar yin duk wannan tana nan, ba sabuwa ba ce. Abin da ya rage shi ne masu shirya fim su yarda su haɗa kayansu a rumfa ɗaya, domin babu wanda zai girka manhaja biyar don shiri biyar.